Gwaggo Ta Ci Sifili

A gidan Auta ba a kiran Gwaggo da baki, jifanta ake yi. In Malama, matar Auta, tana falo tana son ruwan zafi, sai ta ɗauki abin da ya fi kusa da hannunta, murfin kwalba ne ko silifas ɗin yara, ta wurga ta ƙofar kicin. In ya faɗi a gabanta Gwaggo ta juyo. In ya same ta a gadon baya, nan ma ta juyo. 'Yan biyun gidan, mata 'yan shekara uku, har sun koya. Su da cokali suke kiranta, kuma uwarsu dariya take yi ta ce wai yaran nan akwai wayo.

Gwaggo yayar Auta ce, ciki ɗaya, ita ta goya shi. Shekara ashirin da biyu ta yi tsaye a gaban injin saƙa, ƙarar ta cinye mata kunnen dama gaba ɗaya, ta rage mata ɗan abin da ba a rasa ba a na hagu. In ka tsaya ta ga bakinka, ka ɗaga murya ta wajen hagun, tana kama zancenka sarai. Kowa a gidan ya san haka. Ai ranar da Auta ke neman a goge masa farar riga, muryarsa tana isa inda yake so ta isa. Sai in ita ce ta yi tambaya ne za ka ga duk gidan ya gaji, ana ɗaga mata hannu, wato bari kawai, ba komai.

Wayarta aka fara karɓewa. Tana da 'ya guda ɗaya tak, tana aiki a wani gari mai nisa, duk Lahadi take kira. Gwaggo takan danna wayar a kunnen hagu tana cewa, “Iye? Sake faɗa, uwata!” har ranar da Malama ta zare wayar daga hannunta, ta tsaya a gabanta ta ce da ƙarfi, “Gwaggo, kina wahalar da yarinyar nan. Ki bari in riƙa karɓa miki saƙo.” Tun daga nan wayar ta koma jakar Malama. In an kira, Malama ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta yi kusan rabin awa, sannan ta fito ta ce, “Ta ce tana gaishe ki!” Rabin awa guda, kalma biyar. Gwaggo ba yarinya ba ce, ta san ba gaisuwa kaɗai ake yi a rabin awa ba, amma wa za ta tambaya?

Sai baƙi. Wani abokin aikin Auta ya zo, ta gaishe shi, ya yi mata wata magana da ba ta kama ba, ta amsa da abin da ta zata, muryarta kuma ta fito da ƙarfi don ita ba ta jin tsawon muryarta. Baƙon ya dara. Bayan ya tafi Auta ya dafa kafaɗarta ya ce, “Yaya, don mutuncinki nake faɗa. In an yi baƙi ki riƙa hutawa a ɗakinki, ba na son a raina min ke.” Kasuwa kuwa an ce titi ya lalace da 'yan babur, Malama za ta riƙa biyowa da cefane daga makaranta. Talabijin, an ce tana ƙure murya tana tada yara, aka ɗauke rimot. Cin abinci a tebur ba wanda ya hana ta. Ta dai gaji da kallon bakuna suna motsi ana dariya ba ta san ta me ce ce ba, ta ɗauki kwanonta ta koma kicin, kuma ba wanda ya ce ta dawo.

Duk abin da aka karɓe mata, da sunan tausayi aka karɓe, wannan ne ya fi ci mata rai. Aikin gida ne kawai ba a tausaya mata a kansa ba. Ita ce shara, ita ce wanki, ita ce girki, ita ce raino daga bakwai na safe har biyar na yamma. Wace 'yar aiki za a samu da ba ta fita, ba ta waya, ba ta hira da maƙwabta, ba ta jin abin da ake faɗa a kanta?

Ana haka wata Asabar sai ga Doguwa, ƙawarta tun zamanin masaƙa, wadda yanzu ke sayar da ragowar yadi a kasuwa. Ita ba ta san sallama a hankali ba. Ta wuce Malama a falo, ta samu Gwaggo a bakin famfo, ta kama kunnen hagun ta kwarara mata magana.

“Ƙawalli! Asibitin kunne suna raba na'urar ji! Kyauta! Ɗan mitsitsin abu ne, a saƙala miki shi a nan. Mijin ƙanwata ya samu, yanzu har gulma yake ji!”

Gwaggo ta saki tukunyar da take wankewa. “Har a waya?”

“Har a waya! Ke da 'yarki sai kun gaji!”

Auta ya fito yana cewa ai abin ba sauƙi, layi ne, wahala ce, Yaya ba ta son hayaniya. Doguwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai, Auta, ni na san ka da majina a hanci. In motarka ba ta da mai, faɗa min in ɗauke ta a bas, in gaya wa mutanen layin nan dalili.” Ranar Talata ya ɗauki hutun rabin yini ya kai ta, fuskar nan a murtuke.

A asibitin an fara sa ta cikin wani ɗan ɗaki, aka ɗora mata abin sauraro a kai, aka nuna mata ta ɗaga hannu duk sanda ta ji ƙara. Hannunta bai sha wahala ba. Da suka fito sai aka kai su teburin wata ma'aikaciya, yarinya mai fara'a a ido, amma mura take yi, ta rufe hanci da baki da takunkumi. Layin da ke bayansu ya kai har tsakar gida. Yarinyar ta jawo takarda, ta sunkuyar da kai a kanta, takunkumin ya fara motsi. Gwaggo ta ce, “'Yar nan, buɗe bakin in gani.” Yarinyar ta ɗago, ta dubi layin, ta dubi Auta. Auta ya yi murmushi ya nuna ƙirjinsa.

Abin da Gwaggo ta gani ke nan: takunkumi ya motsa, Auta ya girgiza kai, biro ya yi alama. Takunkumi ya motsa, Auta ya girgiza kai, biro ya yi alama. Sau goma. Ta ja hannun rigarsa ta ce, “Me take tambaya?” Ya ɗaga mata hannu, bari kawai, ba komai. Da aka gama yarinyar ta zana wani ɗan da'ira a ƙasan takardar, ta ɗaga wa Gwaggo babban yatsa tana murmushi da idanu, ta miƙa wa Auta kwafin takardar, ta yafito na gaba. A mota Gwaggo ta tambaye shi yaushe za a ba ta na'urar. Ya ce wani abu yana kallon titi.

Washegari da ta zo wanki ta samu takardar a aljihun wandonsa, an ninke ta huɗu. Gwaggo tana karatu, a hankali dai, tana bin layi da yatsa. Ta zauna a kan bokiti ta karanta. A sama an rubuta cewa na'urorin ba su da yawa, masu ciwon kunne kuwa sun yi yawa, don haka za a ba waɗanda rashin ji ya fi takura wa rayuwarsu ta yau da kullum. Tambayoyi goma ne, duka a kan wata gudan da ya wuce. “E” maki huɗu, “wani lokaci” maki biyu, “a'a” ba ko ɗaya. Wanda ya kai ashirin da huɗu za a sa sunansa. Nata makin shi ne wannan ɗan da'irar. Sifili.

Ta miƙe daga kan bokitin. Ta shiga ɗakin Malama ta ɗauko jan biro na makin jarrabawa, ta ce wallahi yau sai ta gyara ƙaryar nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora yatsa a tambaya ta farko. A watan da ya wuce, kin sha wahala wajen magana a waya? Ta ɗaga biron, sai ta tsaya. Ba ta taɓa waya ba a watan da ya wuce. Kin ji kunya da kika haɗu da baƙi? Ba ta haɗu da kowa ba. Kin samu matsala a kasuwa ko kanti? Kin kasa jin talabijin ko rediyo? Ya dame ki a wajen cin abinci da mutane? Ya jawo gardama tsakaninki da iyali? Gardama da wa, ana gardama da wanda ba a yi wa magana? Ta bi su har goma da biro a sama, ba ta samu inda za ta sauke shi ba. Takardar ba ta tambayi yaushe rabonta da waɗannan abubuwa ba, ba ta kuma tambayi wa ya raba ta da su ba.

Da yamma ta tare Auta yana wanke mota, ta buɗe masa takardar a fuska.

“Auta, ni ka kai asibiti ka ce lafiyata ƙalau?”

Ya ajiye tsumma, ya zagayo ta hagunta. Yau kam muryarsa ta isa. “Yaya, nuna min ƙarya guda ɗaya a ciki. Guda ɗaya tak.”

“Ka san abin da nake nufi.”

“Tambaya aka yi min, na faɗi gaskiya. So kike in yi wa likitoci ƙarya, a hana wani mai buƙata? Wannan sifilin ai yabo ne. Yana nufin muna kula da ke, ba abin da kika nema kika rasa.”

Malama ta leƙo da yarinya a kafaɗa ta ƙara nata. “Kuma abin nan ɗan ƙarami ne, Gwaggo, yaran nan haɗiyewa za su yi. Ni wallahi da za a ba ni kunnenki da na huta. Me ake faɗa a duniyar nan da ya kai a ji?”

“Maganar 'yata,” in ji Gwaggo.

“Ai ina faɗa miki duk abin da ta ce!”

Gwaggo ta juya musu baya. Ta koma kicin ta sake bin takardar, sai a can ƙasa ta ga wani layi da ƙananan haruffa: wanda bai gamsu ba yana iya dawowa a sake auna shi kafin ƙarshen wata. Saura kwana goma sha tara. Ta yi lissafi da yatsu: “E” shida take buƙata. Sai ta lura ai ta riga ta samu ɗaya, yanzun nan a bakin mota. Ta sa jan biro ta soke “a'a” ɗin gardama da iyali, ta rubuta huɗu. Rabonta da murmushi har ta manta, ranar ta yi, mai ɗaci.

Haka matar nan, da furfurarta, ta shiga farautar wulaƙanci don ta samu abin rubutawa. Ta hau kujera ta lalubo rimot a saman kabad, ta kunna talabijin ta ƙure shi, ta zauna tana kallon bakin mai labarai tana jin gunji kawai har yaran suka toshe kunne. Huɗu. Ta ɗauko kwanonta ta zauna a tebur tsakanin Auta da matarsa, suka yi ta magana ta saman kanta, ta cinye abincin ba ta san ɗanɗanonsa ba. Huɗu. Malamai uku abokan aikin Malama suka zo, ta kawo musu shayi, maimakon ta juya sai ta ja kujera ta zauna. Suka yi mata magana ta kasa kamawa, ta ga suna haɗa ido suna danne dariya, kunya ta rufe ta har zufa ta keto mata, amma ta ƙi tashi sai da suka tafi. Huɗu.

Ranar Lahadi ta yi gadin jakar Malama. Da ta ga hasken wayar ta riga ta kai hannu. Ta danna ta a kunnen hagu da hannu biyu. Can nesa, siririya, ta ji muryar 'yarta, tashinta da saukarta, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. “Uwata, ni ce! Ni ce da kaina!” Abin da ta iya faɗa ke nan kuka ya ƙwace mata, Malama ta ɓamɓare wayar ta shige ɗaki. Da ta fito ba ta ma kawo gaisuwar ba. Gwaggo ta gan ta tana duban Auta tana juya yatsa a gefen kai. Daga ranar suka samu sabon suna ga abin da take yi: tsufa ya fara taɓa Yaya. Ita dai ta share hawaye ta rubuta huɗu. Ashirin ke nan, saura kasuwa.

Asabar ta ƙarshe a watan, Malama na wanka, ta yafa mayafi ta fice. Rabonta da taka titi da ƙafa ya fi shekara. Motoci suna wucewa ta gefenta ba sanarwa, sai iskarsu. Ta isa kasuwa ta tsaya a gaban mai tumatir, ya faɗi magana sau uku, a na huɗu ya kira maƙwabcinsa suka taru suna yi mata da hannu suna dariya. Ta juya za ta nufi rumfar Doguwa. Mai baro da ke bayanta ya rantse daga baya cewa ya yi ta ihu a ba shi hanya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Baron ya kwashe mata ƙafafu, ta faɗi a kan hannun dama, gwiwa ta daku, wuyan hannu ya yi targaɗe.

Doguwa ce ta kai ta aka ɗaure hannun, ta kawo ta gida. Maƙwabta suka taru a ƙofa. Auta ya tsaya a tsakiyarsu yana buɗe hannuwa, ido ya yi ja, mata suna gyaɗa kai suna tausaya masa, wani dattijo har da dafa masa kafaɗa. Gwaggo ba ta damu da su ba. Ta zaro takardar daga lalitarta ta nuna wa Doguwa. “Ashirin da huɗu, ƙawalli. Sun cika. Jibi ne ƙarshe.”

Doguwa ta karanta, ta fahimta, idonta ya kawo ruwa. To amma Gwaggo ba a yi mata raɗa. Duk abin da za a faɗa mata sai duk layin ya ji. Doguwa ta kama kunnen hagun ta kwarara: “Litinin ƙarfe goma zan zo! Mu kwashi yaran mu tafi da su! Ni zan sa yarinyar ta cire abin bakin nan ta tambaye ki da kanki!” Auta yana tsaye taku uku daga wurin.

Ranar Lahadi ya dawo da sabon kwaɗo, babba. Ya nuna mata shi, ya zagayo ta hagu. “Don lafiyarki ne, Yaya. Jiya hannu ne, gobe fa? Me zan ce wa 'yarki?” Ta zaci na dare ne. Litinin da safe suka fita aiki, ta yi wa yara wanka da hannu ɗaya, ta sa musu kaya, ta sa nata na fita, ta soke takardar a lalita. Tara da rabi ta ja ƙofar gida ta ji ta ƙi. Ta waje aka datse ta.

Ƙofar ƙarfe ce doguwa, ba ta da ko ɗan ramin leƙe, katangar kuma ta fi ƙarfin mace mai hannu ɗaya. Gwaggo ta ɗora tafin hannun hagu a jikin ƙarfen ta tsaya. Goma da 'yan mintuna ta ji shi yana rawa a tafinta, bugu uku, sannan biyar, da ƙarfi.

“Doguwa! Ke ce? Sun kulle ni! Kwaɗon yana waje!”

Ƙarfen ya sake rawa. 'Yan biyun suka ɗaga kai suna kallon ƙofar, alamar ana magana a bayanta, magana mai tsawo. Gwaggo ta durƙusa a gabansu. “Me ta ce? 'Yan albarka, me ta ce?” Ɗaya ta sa yatsa a baki, ɗayar ta yi dariya ta gudu. Ta miƙe ta manna kunnen hagun a ƙarfen har ya yi mata zafi. Gunji kawai. Ko Doguwa cewa ta yi za ta nemo mai fasa kwaɗo, ko za ta je ofishin Auta, ko cewa ta yi ba yadda za ta yi, an dai faɗa mata, da ƙarfi ma kuwa, taku ɗaya tsakaninsu. Daga nan bugun ya tsaya.

Ba ta ɗauke hannun ba, kada a dawo a buga ba ta sani ba. Rana ta hau, ƙarfen ya ɗauki zafi, ta naɗe tafin da gefen mayafi ta mayar. Yaran suka ci burodi a ƙasa kusa da ƙafarta, suka yi barci a nan. Ƙarfe biyu ake rufe teburin yarinyar mai takunkumi. Biyu ta yi, uku ta yi.

Biyar da kwata ƙofar ta motsa. Auta ne, da jakar aiki a kafaɗa da mukulli a hannu. Ya dube ta da kayan fitarta, ya dubi yaran suna barci lafiya, ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya zagayo ta hagunta, ya sunkuyo, ya ɗaga murya yadda za ta ji kowace kalma.

“Kin gani, Yaya? Yau ba abin da ya same ki.”